Yadda ake dawo da fadamar da aka tsotse wa ruwa, ita da mutanen da ke ci a cikinta

Jama'a akwai kuskuren da mutane da yawa keyi idan akace za'a farfaɗo da fadama ko dausayin da aka busar, gani suke magana ce ta a buɗe ruwa ya malala shikenan an gama. Wallahi da haka abun yake da tuni an huta. Fadama numfashi take yi, ruwa ya shigo a lokacinsa, ya kwana iya kwanakin da ya saba, sannan ya janye, kuma akan wannan shiga da fitar ne masunci da makiyayi da manomi da matar da ke yankan ciyawar saƙa kowa ya ɗora rayuwarsa. Idan ka dawo da ruwa baka dawo da lokutansa ba toh kududdufi kayi, kifi bazai hayayyafa yadda ya saba ba, ciyawar kiwo bazata fito ba, sauro ne kawai zaiyi maka godiya.

Abu na farko kafin ka taɓa ko shebur, ka gano ina ruwan ya tafi kuma wa ya ɗauke shi. Yawanci ɗayan uku ne. Ko an haƙa magudanai an zuƙe ruwan an fitar, ko an gina jinga a bakin kogi ta hana ambaliya shigowa, ko kuma can sama anyi dam ruwan ma baya isowa balle ya shiga. Kowanne maganinsa daban, na farko toshewa akeyi, na biyu fasawa akeyi, na ukun kuwa shine mai wuya dan ba aikin shebur bane aikin zama ne da masu riƙe da makullin dam. Kuma sau da yawa zaka tarar duka ukun sun haɗu a wuri ɗaya.

Kudancin Iraƙi ya ishe mu misali. Dausayin da ke kewayen mahaɗar kogin Dijla da Furat a da yana kaiwa murabba'in kilomita 15,000 zuwa 20,000 idan ruwa ya cika, kashi uku ne manya, Hammar da na tsakiya da Hawiza, kuma Larabawan da ake kira Ma'dan a ciki suke zaune tun kaka da kakanni, da ɓaunayen ruwansu na gida da kwale-kwalensu da manyan zaurukan baƙi da suke ginawa da zallan karan ruwa ba ƙusa ba katako. Bayan boren 1991 gwamnatin Saddam Husaini ta haƙa manyan magudanai ta gina jingogi ta karkatar da ruwan, zuwa 2001 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya tace kusan kashi 90 cikin ɗari ya tafi. A 2003 da gwamnatin ta faɗi mutanen wurin basu jira kowa ba, da hannunsu suka fasa jingogin, cikin 'yan shekaru kusan rabin dausayin ya dawo, karan ruwa ya tsiro, tsuntsaye suka dawo, har UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 2016. Toh amma fa jinga kawai suka iya fasawa, dama-daman da ke Turkiyya da Siriya da Iran da ma cikin Iraƙin kanta suna nan, ambaliyar bazara da ke zuwa da narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu ta wanke gishiri bata zuwa kamar da, shiyasa duk shekarar fari sai kaji ruwa ya ja baya gishiri ya hau ɓaunaye na mutuwa mutane na sake kwashe kaya. Kaga kenan wanda ya magance jinga ya manta da dam rabin aiki yayi.

Bayan ka gane inda ruwan ya tafi sai ka nemi sanin yadda yake a da, kuma anan ne mafi yawan masu digiri ke faɗuwa. Hotunan tauraron ɗan adam suna da amfani sosai, na Landsat sun faro tun 1972 kuma kyauta ne, zasu nuna maka iyakar inda ruwa ke kaiwa a shekarar ruwa da shekarar fari. Amma hoto bazai gaya maka ta wace ƙorama ruwa ke fara shigowa ba, ko wane lungu ne kifi ke zuba ƙwai, ko wane tudu ne dabbobi ke fakewa idan ruwa ya cika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zauna da tsofaffin masunta, a shimfiɗa babbar takarda ko ma a zana a ƙasa, kuma kada ka tsaya a zama, ku taka da ƙafa su nuna maka tsohuwar hanyar ruwa da yashi ya cike, da alamar ruwa a jikin tsofaffin bishiyoyi. Mata ka zauna dasu daban dan idan an haɗa taro ɗaya da yawa bazasu yi magana ba, alhali su suka san ciyawar saƙa da tsirran magani da ƙananan kifayen bakin gaɓa. Sannan dan Allah kada ka manta da waɗanda basa nan ranar da kazo, makiyayan da sai rani suke saukowa da masuntan da ke bin ruwa daga wuri zuwa wuri, waɗannan su ake yawan mantawa a lissafi kuma daga baya su ake kira baƙi masu kawo rigima alhali kakanninsu sun riga kowa sanin wurin.

Tambayar da zaka riƙa yi a kowane zama guda huɗu ce, yaushe ruwa ke zuwa, ina yake kaiwa, zurfinsa nawa, yaushe yake tafiya. Amsoshin zasu saɓa, ka rubuta duka kada ka zaɓi wadda tayi maka daɗi.

Sai awo. Ƙasar da aka busar shekara ashirin ko talatin ba ita bace wadda aka bari, musamman irin baƙar ƙasar nan mai kama da soso wadda ruɓaɓɓun tsirrai suka taru suka zama ita cikin dubban shekaru, idan ta bushe iska na cinta tana lotsawa. A gabashin Ingila akwai wani ginshiƙin ƙarfe a Holme da aka nutsa cikin irin wannan ƙasar wajajen 1851 lokacin da ake busar da yankin, kansa daidai da doron ƙasa, yau ginshiƙin na tsaye sama da ƙasa kusan mita 4. Ma'ana idan ka sako ruwa yadda yake a da, inda a da yake iya gwiwa yanzu zai iya shanye mutum. Dan haka a nemo mai awon ƙasa ya fitar da tudu da kwari na yanzu, a kafa sanduna masu lamba a wurare daban-daban dan karanta tsayin ruwa, a binne bututun roba mai huji-huji a ƙasa dan ganin inda ruwan ƙarƙashi yake, a auna gishiri da 'yar na'urar hannu bata da wuyar koyo. Idan wurin kusa da teku ne a gwada tsamin ƙasar, akwai ƙasar da idan ta sha iska take haifar da asid, ruwan farko da ya kwanta akanta sai ya zama guba ga kifi. Ruwa baya tsami banza, anan kam har a zahiri.

Yanzu ga maganar da kowa ke gudu, ƙasa. Fadama ta bushe shekara da shekaru, wani ya share yayi gona, wani ya gina gida, wani ma takarda gareshi ta gwamnati, kuma ba lallai azzalumi bane shima talaka ne ya samu fili ya shiga. Idan ka sako ruwa kan gonarsa ba tare da an zauna ba toh ranar da ka juya baya zai fasa abinda ka gina kuma ni dai bazan ga laifinsa sosai ba. A gama wannan maganar tun ruwa bai zo ba, wa za'a biya diyya, wa za'a canza wa fili, wa zai yarda ya koma noman da ke tafiya da ambaliya wato shuka bayan janyewar ruwa. Kuma a rubuta haƙƙin mutanen asali na kamun kifi da kiwo da yankan ciyawa tun yanzu, saboda da zarar wuri yayi kore masu kuɗi da masu ƙarfi zasu bayyana, wani lokacin ma hukumar kare namun daji ce zata zo ta kafa allo tace an hana shiga, mutanen da akace dan su akayi aikin su koma leƙe ta bayan shingen waya. Ba'a fafe gora ranar tafiya.

Inda akwai tsohon tsarin rabon wuri a nemo shi a gina akansa. A fadamar kogin Neja ta tsakiyar Mali tun ƙarni na 19 zamanin Seku Amadu na Masina aka tsara wa ke kula da wace makiyaya, wane garke ke fara shiga, kuma bisa al'ada duk shekara sai an tsayar da ranar da shanu zasu tsallaka kogi a Diafarabe, masunta Bozo ma nada nasu masu kula da ruwa. Tsarin ba cikakke bane, ana rigima akansa ana cin zarafin wasu a ciki, amma gyara abinda mutane suka sani yafi sauƙi akan kawo sabon kwamiti da ba wanda ke jin maganarsa.

Toh sai aikin kansa, kuma shawarata ka fara da kaɗan. A arewacin Kamaru dam ɗin Maga da jingar da akayi a bakin kogin Logone a 1979 dan noman shinkafa sun hana ambaliya isa wani babban yanki na fadamar Waza Logone, ciyawar kiwo mai daɗewa ta mutu, kifi ya ragu, Kotoko da Musgum da Fulani da Larabawan Shuwa kowa ya ji a jikinsa. A 1994 ba'a rushe dam ba, wata ƙorama ɗaya da jinga ta toshe aka buɗe a matsayin gwaji, ruwa ya koma kan fili kusan murabba'in kilomita 200, aka zuba ido aka ga abinda ya faru sannan aka ƙara buɗe wata a 1997. Amfanin gwaji shine idan kayi kuskure ƙarami ne, idan kuma yayi kyau gani ya kori ji, wanda ke adawa jiya shi zai zo yana tambaya yaushe za'a buɗe ta wajensu.

Idan matsalarka magudanai ce toshe su akeyi, amma ba toshiya ɗaya a ƙarshe ba, ruwa zai taru yayi ƙarfi ya ɓalle ta ko ya zagaye ta gefe. Ana jera ƙananan toshiya da yawa kamar matakala, tazarar tsayin ruwa tsakanin ɗaya da mai bi mata kaɗan, a faro daga sama a gangaro, a shigar da fikafikan toshiyar cikin gaɓa sosai, ayi aikin da rani. Kuma ka tambaya wa ke amfani da magudanar yanzu. A Kalimantan ta tsakiya a Indonesiya gwamnatin Suharto ta haƙa magudanai sama da kilomita 4,000 daga 1996 dan mayar da hekta miliyan ɗaya gonar shinkafa, shinkafa bata yi ba, ƙasar ta bushe ta riƙa kamawa da wuta, gobarar 1997 da ta 2015 hayaƙinsu har maƙwabtan ƙasashe. Da aka zo toshewa sai aka tarar mutanen ƙauyuka sun mayar da magudanan hanyar kwale-kwale, nan suke bi zuwa gona da daji, toshiyar da ta tare musu hanya sai a wayi gari an fasa ta. Dole aka koma yin toshiya mai ɗan wuri a tsakiya da jirgi zai iya wucewa, kuma ana ba mutanen wurin aikin ginawa da kulawa. Inda kuɗi ya isa kuma ba mai bin magudanar, cike ta gaba ɗaya yafi, haka akayi a kogin Kissimmee na Florida a Amurka, an miƙar dashi ya zama magudana tsakanin 1962 da 1971, daga baya aka cike kusan kilomita 35 na magudanar ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa mai lanƙwasa, aikin bai kammala ba sai 2021. Busarwa shekara tara, gyara sama da ashirin.

Nan ne zan daɗe dan nan ne zuciyar maganar, lokacin ruwa. Misalin da yafi burgeni shine na Diawling a Muritaniya, bakin kogin Senegal. Dam ɗin Diama da aka gama a 1986 ya busar da yankin ya zama fili mai gishiri, a 1991 aka mayar dashi gandun dajin gwamnati, daga 1994 aka fara sako ruwa ta ƙofofi dan kwaikwayon ambaliyar da. Da aka zauna da mutane sai masunta sukace a sako ruwa da wuri dan sun san lokacin da kifi ke shirin zuba ƙwai, mata masu saƙa tabarma kuma sukace a'a, ciyawar da suke saƙa da ita sai ruwan sama ya fara taɓa ta kafin ambaliya, in ba haka ba karanta baya yin tsawon da ake so. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Abinda akayi shine aka fara sako ruwa siriri ya jiƙa ƙasa kamar ruwan sama, sannan aka riƙa ɗaga shi a hankali yadda bazai shanye kan ciyawar ba, kifi ya samu ciyawa ta samu. Ba injiniyan da zai zauna a ofis ya fito da wannan, sai da aka saurari matan.

Kuma ruwan dole ya tafi, wannan mutane basa son ji. A fadamar Hadejia da Nguru a arewa maso gabashin Najeriya, bayan dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, ambaliya ta ragu amma kuma ruwa ya koma gudana a wasu hanyoyin duk shekara ba rani ba damina, sai kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu abinda take so, ta cike hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, wani gefen ya nutse wani gefen ya bushe ƙurmus, ga tsuntsaye jan baki sun samu maɓoya suna cinye hatsi. Irin haka ta faru a saman Diama, kachalla ta mamaye ruwan da ya daina hawa da sauka, cutar tsargiya kuma ta ɓarke a yankin garin Richard Toll na Senegal saboda dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana son ruwa mai daɗi da ke tsaye. Dan haka duk ƙofar shigar ruwa da zaka yi kayi ta fita, a bar wuri ya bushe a lokacin da ya saba bushewa, shine ke kashe kachalla, shine ke ba makiyayi ciyawa da manomi danshi, kuma ruwan da ke wucewa shine ke tafiya da gishiri. Ruwan da ya shiga bai fita ba rana ce zata shanye shi ta bar maka gishirin.

Idan dam ne a sama toh abinda zaku nema shine a rubuta cewa duk shekara a wata kaza za'a sako ruwa mai yawa na kwana kaza, kuma a sanar da na ƙasa kafin a buɗe. Ku je da lissafi a hannu, buhun kifi nawa, dabbobi nawa, gona nawa, rijiyoyi nawa ke samun ruwa daga fadamar, dan masu dam lissafi suke ji. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki sun yi irin wannan lissafin akan Hadejia da Nguru suka nuna ruwan da aka bari ya malala fadama yafi kawo amfani akan adadinsa da aka tura babban aikin noman rani na sama. Alƙawarin baki kada ku karɓa, shugaban hukuma na canzawa.

Maganar shuke-shuke bazan ja ta ba. Kada kayi gaggawar dasa komai, irin tsirrai da saiwoyinsu na iya kwanciya a ƙasa shekaru suna jiran ruwa, ka bada damina biyu ko uku ka gani. Abinda bai dawo ba shi zaka ɗebo daga fadama mafi kusa. Kifi ma haka, in dai ka haɗa wurin da kogi zai zo da kansa, kada ka zuba baƙon iri. Abinda zaka sa wa ido shine baƙin ciyayi masu yawo a kan ruwa, a kwashe su tun suna kaɗan.

Mutanen kuma kada a mayar dasu kayan kallo. Wanda aka kora yana yaro yau yana da 'ya'ya a birni, sun saba da makaranta da asibiti da lantarki da waya, ba zai koma dan kawai baƙi su zo su ɗauki hotonsa a kwale-kwale ba. Wasu zasu dawo gaba ɗaya, wasu sai lokacin kamun kifi, wasu bazasu dawo ba sam kuma haƙƙinsu ne. Waɗanda suka dawo suna buƙatar ruwan sha mai tsafta dan ruwan fadama ba na sha bane, gidan sauro, maganin tsargiya, hanyar kai kifi da madara kasuwa kafin su lalace, da bashin sayen jirgi da ragar kamun kifi da dabbobi tunda wanda yayi shekara ashirin a gudun hijira ba abinda ya rage masa. Sannan sana'ar kanta tana hannun tsofaffi, ɗaure karan gini, sassaƙa jirgi, sanin hanya cikin ciyawa, idan ba'a haɗa su da matasa yanzu ba ruwa zai dawo ya tarar ba mai iya shiga. Kuma a yarda cewa mutanen wurin ma suna iya ɓarna, a Logone masunta sun haƙa ramukan kamun kifi masu yawan gaske da ke saurin zuƙe ruwan fadamar, a Iraƙi akwai masu kamun kifi da lantarki da guba, dokar hana wannan sai tafi ƙarfi idan daga bakin masuntan ta fito kuma su ke kama mai karya ta.

Sandunan awon nan da ka kafa tun farko, kowace a ba wani na kusa da ita, ɗalibi ko masunci ko matar da gidanta ke kallon wurin, da littafi da biro da ɗan abin hasafi, duk sati ya rubuta lambar da ruwa ya kai ya ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya. A wurin saukar kifi a riƙa rubuta iri da yawa, makiyaya su faɗi ranar da suka shigo da ranar da ciyawa ta ƙare, a auna gishiri farkon ruwa da ƙarshensa. Idan ruwa ya janye a kira kowa da littattafan a zauna, wa ruwa ya cuta bana, ina ya daɗe fiye da kima, ina bai kai ba, wace toshiya ce ta zube, sai a tsayar da ranar buɗe ƙofa da ranar rufewa ta shekara mai zuwa a rubuta kowa ya sa hannu, kwafi ɗaya wajen masu dam ɗaya wajen masunta ɗaya wajen makiyaya ɗaya wajen matan.